Alli a hannu, hauya a gona: neman malaman karatun hutu a Atantane

Kowace shekara, da an rufe lakwal a farkon damina, yaran karkarar Atantane masu karatu a Mayahi da Tasawa da Maradi sai su dawo gida. Hutun ya kai wata uku. Wata uku kuwa ya isa yaro ya mance rabin abin da ya koya, balle wanda ba ya jin Faransanci a ko'ina sai cikin aji. Don haka ne ɗaliban jami'a ƴan asalin karkarar, kamar takwarorinsu na sauran gundumomin Nijar, suke shirya karatun hutu, wanda ƴan boko ke ce wa kur de bakans. Suna yin shi domin ƙannensu masu shiga ajin BEPC, da kuma masu fuskantar Bak, jarrabawar da in ba a ci ta ba, ba a taka ƙofar jami'a.

Jama'a, abin ba na wasa ba ne. A shekarar 2021, cikin dukan waɗanda suka zauna Bak a ƙasar nan, waɗanda suka samu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma a BEPC ma haka aka yi. Ɗan birni in ya faɗi, ubansa na iya biya masa lakwal ta kuɗi ya sake gwadawa. Ɗan ƙauye in ya faɗi sau biyu, sai hanyar Kano ko ta Agadas. Ɗiya mace kuwa, faɗuwa ɗaya ta isa a fara maganar sa rana.

Samun aji ba shi da wuya. Direkta zai ba da makulli, magajin gari zai taimaka da kwalin alli, yara za su share ɗaki su kori jemagu. Wuyar tana wajen samun wanda zai tsaya gaban allo. A wata damina ta ƴan shekarun nan, wannan nauyi ya faɗa kan wani saurayi ɗan wani ƙauye na ƙaramar hukumar Atantane, mai karatun aikin gona a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Abokansa suka naɗa shi sakatare, don shi ne ba ya ɓad da takarda. A ƙauyensu tsofaffi kan yi masa ba'a, wai ya tafi Maradi neman abin da ya baro a bayan gidansu.

Tun kafin ruwa ya sauka ya sayi kaye sabo, ya rubuta sunaye goma sha huɗu, duk mutanen da suka ce masa "in Allah ya so". Kafin hatsi ya kai noman fari, sunayen sun koma biyar.

Na farkon fita su ne mushen kwaleji da na lise, kuma babu mai ganin laifinsu. Yawancinsu baƙi ne, daga Dosso ko Tawa ko Damagaram aka turo su, wata tara suna nesa da iyali. Da yawa kuma ƴan kwantiragi ne, tsarin da aka shigo da shi tun ƙarshen shekarun 1990, kuma ɗan abin da suke karɓa bai isa a ce su ƙara wata biyu a baƙon wuri kyauta ba. Ranar da aka gama gyaran takardun jarrabawa, ranar suke neman mota. Sai ɗaliban jami'a da shekararsu ba ta ƙare ba: yajin aiki da ƙarancin ɗakuna kan sa shekarar karatu ta hau kan wata, a tarar da ɗalibi yana jarrabawa tsakiyar Agusta. Biyu kuma suka bi ayarin masu haƙar zinari, hanyar da ta buɗe wa samari tun da aka gano shi a Jado a 2014. Ɗaya ya tsallaka Kano sayar da shayi, domin ya tara kuɗin haya na shekara mai zuwa.

Biyar ɗin da suka rage, biyu masu karatun shari'a ne, ɗaya mai tarihi, sai shi sakatare, sai wani mai karatun lissafi a Yamai. Masu shari'a na iya riƙe Faransanci da falsafa, baki gare su, Allah ya ba su. Mai tarihi ya haɗa da labarin ƙasa. Sakatare ya ce zai taɓa kimiyya ta ƙananan ajujuwa. Amma kowa ya san inda yaran karkara ke tuntuɓe, musamman ƴan seri D da C: lissafi da fizik. Ke nan karatun hutun duka ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Shi kuma wannan mutum ɗaya, wansa yana Libiya shekara biyu ba aike, ƙannensa ƙanana ne, ubansa ya tsufa, gonakinsu biyu.

Sakatare ya jira bayan isha'i ya tafi gidan, ya cire takalma, ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi shuka.

"Baba, roƙon arziki ya kawo ni. Muna so ka ara mana ɗanka, awa uku kullum, har sati shida."

Tsohon ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, kai da aka ce gona kake karantawa, gaya mini, ciyawa tana jiran sati shida?"

"Ba ta jira, Baba."

"To. Wata tara gonar nan ke ciyar da shi, tiya-tiya nake auna masa ina aikawa Yamai. Wata uku kaɗai take ganinsa. Su ma kun zo ku karɓe. Yaran da zai koya wa, iyayensu za su aiko mini da dame ranar girbi?"

Sakatare bai da amsa, ya yi sallama ya fita.

Maganar tsohon gaskiya ce, kuma duk wanda ya kira ta jahilci bai taɓa riƙe hauya ba. A jigawar Mayahi damina gajeruwa ce. In noman fari ya makara da kwana goma, ciyawa ta sha ruwan da hatsi zai sha, ta cinye ɗan takin da ke ƙasa, sai a ga kara siriri da zangarniya kamar yatsa. Saurayi mai ƙarfi da aka ɗauke daga gona cikin Yuli, damma nawa ne aka ɗauke daga rumbun gidansu cikin Oktoba? Masu shirya karatun hutu sukan lissafa alli da kaye da ruwan sha. Wannan lissafin ne ba su cika yi ba, ga shi kuwa shi ne mafi girma.

Washegari aka zauna ƙarƙashin gawo bakin lakwal: su biyar, da shugaban kwamitin COGES, da wata dattijuwa daga ƙungiyar uwayen yara, da wani tsohon mushe da ya yi ritaya ya dawo gida. Ɗaya daga cikin masu shari'a ya ce a yi yadda ake yi a Maradi, kowane yaro ya kawo jika guda a wata, a biya malami, malami ya ɗauki ƴan ƙwadago su yi wa ubansa noma. A takarda maganar ta yi kyau. Dattijuwar ta dube shi ta ce, "Yaro, jika a watan Agusta? Ka leƙa rumbun uwarka kuwa?" Lokacin ne hatsi ya fi tsada, lokacin ne gidaje da yawa ke koma wa tafasa da yaɗiya. In aka sa jika, ɗiyan ƴan kasuwa da na ma'aikata za su zo, waɗanda aka shirya abin dominsu su zauna gida.

Tsohon mushen ne ya warware. Shi ya yi ƙuruciyarsa zamanin Seyni Kountché, wanda ya riƙe ƙasar daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya ke buga tubali ta gina ajujuwa da hannunta, ta noma gonar gari ba a biya kowa ba. Ya ce abin da aka yi don a samu aji, me zai hana a yi shi don a samu malami? Yara ba su da jika, amma kowannensu yana da hauya. A yi wa tsohon gayya sau biyu, ɗaya ta noman fari, ɗaya ta maimai. Kuɗi kuwa dala ashirin kawai, na alli.

Haka aka yi. Ranar gayyar farko yara sama da talatin suka shiga gonar tun da asuba, mata suka dama fura suka biyo su. Tsohon ya tsaya bakin iyaka da sandarsa yana duba kunya-kunya, har ya mai da ƴan lise biyu su sake nasu layin, yana cewa boko ya kashe musu baya. Kafin rana ta take tsaka an gama abin da shi da ɗansa za su yi kwanaki suna yi. Bai yi godiya mai tsawo ba. Ya dubi ɗansa ya ce, "Je ka yi musu lissafin."

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya tafi daidai. Da sauran malaman suka ga haka, kowa ya ce a gidansu ma akwai ciyawa. Iyayen yara kuma suka fara guna-guni, wai ɗiyansu na noma gonar wani alhali tasu na jira. Sai da aka sa doka: gayya ta gidan da ba shi da wani hannu ce kawai. Mai tarihi, wanda ke da ƴan'uwa maza huɗu a gida, ya yi fushi ya ɗauke ƙafa har sati guda. Babu wanda ya je bikonsa. Da ya gaji da zama ya dawo da kansa, ya ɗauko darasinsa daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba.

Bayan wuyar neman wanda ake so, sai wuyar wanda ba a nema ba. Ɗan wani mai faɗa-a-ji na gari, wanda ya zauna Bak sau uku bai samu ba, ya zo ya ce shi zai riƙe fizik na ƴan tarminal. Ubansa ne ya ba da tabarmi da randar ruwa. Yaya za a ce masa a'a? Nan ma tsohon mushen ya sa baki. Ya ce ba wanda zai shiga aji sai ya yi darasin gwaji na rabin awa a gabansa, da sakatare da kowa da kowa. Ya zauna a bencin baya shi kaɗai, ya sa tabarau, ya riƙe bik.

Gwajin ya tona abin da ba a zata ba. Mai lissafin da aka yi wa gayya ya juya wa aji baya, ya cika allo cikin minti goma, yana magana ƙasa-ƙasa da allinsa. Da ya gama ya juyo yana jiran yabo. Mushen ya ce, "Ɗana, allo ya gane. Saura yara." Kwana uku ya yi yana koya masa abin da jami'a ba ta koya masa ba: ka rubuta kaɗan, ka juyo, ka kira na bencin baya da sunansa, kada ka tambayi "kun gane?" don duk za su ce sun gane, ka ba da alli ga wanda ya sunkuyar da kai. Ɗan mai faɗa-a-jin kuwa ya ruɗe tun a layi na biyu, shi da kansa ya ajiye allin. Mushen bai kunyata shi ba. Ya ce masa akwai yaran da za su shiga siziyem ba su iya karanta shafi guda ba, kuma ba su da kowa. Ya karɓe su da ɓacin rai. Sai ga shi cikin duka malaman ba wanda ya kai shi haƙuri, watakila don ya san ɗacin faɗuwa. Ubansa dai ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar sakatare.

An yi gardama kuma a kan harshe. Mushen ya ce a fara bayani da Hausa, in an gane a rubuta da Faransanci. Masu shari'a suka ce jarrabawa ba da Hausa ake yi ba, za a lalata yara. Wannan gardama ta girme su duka. Abdou Moumouni, wanda aka haifa nan Tasawa a 1929, ya ci babbar jarrabawar malanta ta agregasiyo a fannin fizik a Faransa a 1956, ya shugabanci ofishin ONERSOL mai binciken amfani da hasken rana, ya kuma riƙe jami'ar Yamai daga 1979. Faransanci bai gagare shi ba ko kaɗan. Amma a littafinsa L'éducation en Afrique na 1964, shi ne ya tsaya kan cewa a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, kuma a watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa. Duk wannan masu shari'ar sun sani. Abin da ya rufe bakinsu darasi ɗaya ne. Ƴan ajin BEPC sun yi kwana biyu suna kokawa da lissafin kashi cikin ɗari. A rana ta uku mai lissafin ya ajiye littafi ya ce, "Wanda ya ci bashin tiya ɗaya da damina, ya biya tiya biyu da kaka, nawa aka ɗora masa?" Ajin ya ɗauki hayaniya, don kusan kowa ya san gidan da aka yi wa haka. Daga nan ya rubuta musu da Faransanci, suka kwafa, kuma ya zauna.

A satin farko ƴan mata shida kaɗai suka zo. Uwaye ba su yarda ɗiyansu su wuni cikin samari ba, ga malaman ma duk samari ne marasa aure. Tun watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace, amma doka ba ta shiga ɗakin uwa ta kwantar mata da hankali. Sakatare ya sake buɗe kayensa, sai ya lura cikin sunaye goma sha huɗun nan babu mace ko ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Akwai kuwa wata ɗaliba mai karatun aikin lafiya a Maradi, tana gida wajen gwaggonta tana taya ta aiki. Bai je da kansa ba, don ya san za a ce zance ya zo. Dattijuwar nan ta ƙungiyar uwaye ce ta ɗauki mayafinta ta tafi.

"Yaya, budurwa ta tsaya gaban ƙattin maza tana magana? Me za a ce a gari?"

"Za a ce ɗiyarki ce. In ta gama karatu aka kawo ta likita, ba maza za ta yi wa allura ba? Ni zan zo in ɗauke ta, ni zan mai do ta."

Ta kuwa cika alkawari, kullum tana zaune bakin taga da zarenta na saƙa har a tashi. Ɗalibar ta riƙe ilimin halittu. Kafin sati biyu ƴan mata sun ninka. Saboda su aka gyara lokaci: a shiga bayan azahar, lokacin an dawo daga kai abinci gona, a tashi da la'asar sakaliya kafin daka, ranar kasuwa kuma ba karatu. Cikinsu akwai wata da ta faɗi BEPC a shekarar, ubanta ya riga ya karɓi goron wani. Malamar ta yi zuwa uku gidansu, ba wajen uban ba, wajen uwar da kakar. Abin da aka samu shi ne jinkirin shekara ɗaya: in ta ci, ta tafi lise, in ta faɗi, a ɗaura. Yarinyar ta san da wannan sharaɗi duk lokacin da ta buɗe kaye.

Agusta ya zo da nasa. Ruwa ya hana karatu kwana biyu, ranar 3 ga wata aka tafi dashen itace, sannan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mai lissafin kwana takwas. Ba mai maye gurbinsa. Wani ɗan lise mai ƙoƙari ya riƙa maimaita wa ƴan'uwansa tsofaffin ayyuka, shi ke nan. Karatun da ke tsaye bisa malami ɗaya a kowane fanni, sauro guda ya isa ya rufe shi.

Fizik na ƴan tarminal kuwa har aka tashi ba a samu mai riƙe shi ba. Su huɗu ne, maza uku da mace ɗaya. Wani ɗan karkarar da jarrabawa ta riƙe a Yamai ya riƙa turo musu hoton darasi da muryarsa ta WhatsApp. Wayar guda ce, sai an hau tudu ake samun layi, sai kuma an kai ta shagon mai farantin hasken rana an biya a sa mata wuta. Sukan zauna bisa rairayi su saurari saƙo ɗaya sau biyar. In suka aika tambaya, amsa kan zo bayan kwana biyu, wani lokaci sun riga sun mance inda suka tsaya. Ya fi babu, amma su ma sun san ba a haɗa shi da mutum mai alli a hannu.

Tsakiyar Satumba, da aka fara cin tumu, aka rufe. Magajin gari ya ba kowane malami takardar shaida, iyaye suka haɗa musu wake da kuɓewa busasshiya na guzuri. Sakatare ya miƙa kayen ga wanda zai gaje shi, don shi shekararsa ta ƙarshe ta zo. Ya sake tsarin shafukan. Gaban kowane suna yanzu akwai fannin da mutum ke karantawa, da watan da jami'arsa ke sakinsa, da yawan gonakin ubansa, da yawan ƴan'uwan da ke iya riƙe hauya a gidan. Ya ware shafi guda na mata, sunaye uku a ciki. A shafin fizik ya rubuta sunayen biyu daga cikin ƴan tarminal ɗin nan da fensir, ya sa alamar tambaya, sai an ga sakamakon Bak.